Yunit Uku a Hannun Iya Fuarosa

Juma'a, 27 ga Afrilu, 2018

Sun ɗauke ni.

Ina cikin bas ɗin Kawu Peni, a kujerar bayan direba inda nake zama tun ina 'yar firamare, saƙon ya shigo waya. Na karanta layin farko sau huɗu. Na duba ko wata Leuatea suke nufi, sai na ga har sunan mahaifina sun rubuta daidai. Jami'ar nan ta California, wadda Malam Sotoa na kwalejinmu ya ce cikin masu neman komawa can daga ƙananan kwalejoji irin tamu, sai a mayar da mutum huɗu kafin a ɗauki ɗaya. Aji uku zan shiga kai tsaye, sashen kimiyyar sinadarai.

Na miƙa wa Kawu wayar. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya karanta da yatsa, ya juya ya ce wa fasinjoji, "Ku gaisa da Farfesa. Ni na raine ta, a wannan motar." Wata tsohuwa mai kwandon gwaza ta ce, "Mun gaishe ta. Yanzu ja mu je, gwazata ba ta san Farfesa ba."

Shekara shida ina zare ƙaya daga kifi a kamfanin gwangwani. Shekara biyu da rabi ina shiga aji da ƙarnin kifi a gashina.

Lahadi, 29 ga Afrilu

Fasto ya faɗa a coci, aka sa na miƙe. Na rasa inda zan sa idona.

Bayan cin abincin rana na zauna a gefen kabarin Inna a ƙofar gida, ina nuna mata hotunan jami'ar a waya kamar tana gani. Ɗakin karatunsu wai har ƙarƙashin ƙasa ya shiga, hawa uku. Akwai wata na'urar da na sani a shafi na ɗari biyu da wani abu na littafinmu, baƙi da fari, an rubuta sunanta a ƙasa. Ga ta a hoto da launinta, wata yarinya da ba ta kai ni shekaru ba ta dafa ta da hannu ɗaya tana dariya. Ashe taɓa ta ake yi. Na daɗe ina kallon hannun yarinyar nan.

Laraba, 2 ga Mayu

Wani saƙon kuma, daga wata Madam Delgado mai duba takardun waɗanda suka zo daga wasu makarantu. Cikin ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke zuwa kafin mummunan labari.

Sai da yunit sittin ake shiga aji uku. Sun ƙirga nawa, hamsin da bakwai suka gani. Kwas ɗaya ne mai yunit uku ba su san yadda za su auna shi ba, sai sun ga manhajarsa mako-mako, da sa hannun wanda ya koyar. Sun ba ni zuwa Juma'a sha biyar ga Yuni. In ba ta zo ba, gurbin ya tafi.

Kuma wane kwas? Siapo. Dukan ɓawon itace har ya zama ƙyalle, a zana masa rini. Kwas ɗin da na ɗauka shekara biyu da suka wuce don an ce mini hutu ne, ba karatu ba jarrabawa. Shi ne kuma kaɗai ya ɓata mini takarda da C, ga A reras sama da ƙasa.

Na wuce lissafi mai wuya, na wuce sinadarai kashi biyu, ɓawon itace ne zai tare mini hanya.

Alhamis, 3 ga Mayu

Na je ofishin Malam Sotoa, mai ba mu shawara kan canjin makaranta. Na ce in ɗauki wani kwas a hutun nan in cike. Ya ce ba sa karɓar na hutu, sai abin da aka gama kafin ƙarshen wannan zangon. Na ce to a ciro mini manhajar daga fayil. Ya cire tabarau ya goge. Guguwar Fabrairu ta yaye kwanon ɗakin ajiya, abin da ke durowar ƙasa duk ya zama kunu. "Kuma gaskiya, Leuatea, ban taɓa ganin Iya Fuarosa da takarda a hannu ba in ba Littafi Mai Tsarki ba."

Ita ce ta koyar da kwas ɗin. Ta bar koyarwa bara, tana gidanta a ƙauyen Vailoa. Ya ce in je in zauna da ita, ta faɗa in rubuta, ta sa hannu, shi ya buga hatimi. Aikin yini ɗaya. "Kada dai ki je mata hannu rabbana."

Asabar, 5 ga Mayu

Na je da burodi biyu da gwangwanin naman sa. Tana kan tabarma a tsakiyar rumfa, ƙafafu a miƙe an rufe da zani, ta ƙara ƙanƙancewa. Na duƙa na shiga, na zauna can bakin ginshiƙi kafin in buɗe baki.

Ta tambayi Kawu. Ta tambayi kakata ta wajen uba, da wanda ƙanwar kakata ta aura, da dalilin da ya sa suka koma tsibiran Manu'a. Awa biyu. Takardar tana cikin jakata tana cin raina, amma wa zai shiga gidan babba karon farko ya ce ga buƙatata? Na sha kokonmu na cakulan, na yi godiya, na fito.

Kawu ya ce, "Kin samo?" Na ce na gaishe ta dai. Ya ce, "Madalla, ashe kina da tarbiyya. Turawan ma sai ki gaishe su."

Asabar, 12 ga Mayu

Na koma. Baƙi ne cike da rumfar, ana maganar wani biki. Na yi ta zuba wa mutane shayi har yamma. Saura kwana talatin da huɗu.

Laraba, 16 ga Mayu

Yau ita ta fara. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Ke 'yar nan, sau uku ke nan kina kawo mini burodi. Haƙorana huɗu ne. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa. Ta rufe ido, na ɗauka barci ya kwashe ta. Sai ta soma.

Mako na farko mun sari sandunan u'a, itacen da ake dukan ɓawonsa, ni na yanki yatsa na ɗaure da gefen zanina. Mako na biyu ɓare ɓawo da jiƙa shi. Na uku kankara da ɓawon katantanwar teku, iri uku, kowanne da aikinsa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har sha shida, da abin da aka yi, da dalilin da ya sa ya zo kafin na gabansa, da wanda ya zauna kusa da wa. Mu goma sha tara ne a ajin nan. Ta kira sunan kowa. Ta ce a mako na bakwai ina karanta littafin sinadarai a ƙarƙashin ƙyallen da nake duka, shi ya sa nawa ya huje a wuri biyu.

Alƙalami ya tsaya a hannuna. Ni duk zamana a ajin nan na ɗauka tsohuwa ce kawai ke sa mu aikin da ya faɗo mata a rai da safe. Ashe kowane mako a kan na bayansa yake zaune, ya fi tsarin wasu darussan da aka buga a littafi.

Sai ta buɗe ido. "Na sha ɗaya, da na sha biyu, da na sha uku, makonnin rini. Tabarmarki ta zo, ke ba ki zo ba."

Gaskiya ne. Lokacin ne aka matsa mana a ɗakin gwaje-gwaje, na zaɓi can.

Na ce, Iya, takardar ba a kaina take magana ba, a kan darasin ne. Ta ce, "Da wa za ta ƙetare teku?" Na ce da ni. "Sunan wa ke ƙasa?" Na ce naki. "To in wani ya tare ki a can ya ce ga sunan Fuarosa, haɗa mana baƙi mu gani, me za ki yi? Ki nuna masa burodi?"

Ba za ta sa hannu ba sai na biya makonnin nan uku. Litinin da sassafe.

Juma'a, 18 ga Mayu

Malam Sotoa ya yi dariya har da tari. Na ce ya je ya yi mata bayani, shi da yake namiji babba mai sarauta a ƙauyensu. Ya ce, "Ni? Ita ta koya wa matata saƙa. In na je, ni ma za ta nemo mini makon da na tsallake."

Na yi fushi yau sosai. Mako uku cikin huɗun da suka rage.

Litinin, 21 ga Mayu

Ruwa. Ta ce ba a kankarar ɓawon o'a, bishiyar jan rini, da ruwan sama, rinin yakan tsinke. Na share rumfa, na dawo.

Alhamis, 24 ga Mayu

Ruwa, ruwa, ruwa.

Asabar, 26 ga Mayu

Gari ya washe jiya da yau. Muka hau tudun bayan gida inda bishiyoyin o'a suke, ita da sanda, ni da buhu. Ta nuna mini inda zan kankara da inda zan bari don kada itacen ya mutu. Jikin kowace bishiya duk tabo ne, wasu sun warke sun yi baƙi. Ta dafa wani ta ce na uwarta ne.

Muka matse ɓawon a tsumma. Ruwan da ya fito kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Na ce a raina, wannan ne rinin? Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta juya shi a baki, ta ce, "Da sauran ruwan sama a ciki, amma zai yi."

Da muka sauko ta sa na janyo wani akwatin katako. Ta shimfiɗa guntayen siapo bakwai a jere. Wannan an yi shi shekarar da aka haifi ɗanta na fari, wannan shekarar babbar guguwa, wannan na bara. Rini ɗaya ne, daga bishiyoyin nan. Na bara ja-ja ne mai haske, na uwarta ya yi duhu kamar kokon cakulan da ba a sa wa ruwa ba, sauran suna tsakani, kowanne ya ɗara na gefensa kaɗan. Na san sunan abin da iska ke yi wa irin wannan ruwa, na amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci. Ban taɓa ganin shekara sittin ɗinsa a shimfiɗe a kan tabarma ba.

Ta ɗiga namu na yau a wani ƙyalle, ta ajiye yatsa tsakanin na uku da na huɗu. "Nan zai tsaya in kin yi jika." Na yarda da ita, ni da ba na yarda da abin da ban auna ba.

Talata, 29 ga Mayu

Na rubuta wa Madam Delgado cewa takarda na tafe. Ta amsa da sauri. Ta ce bari ta gaya mini gaskiya don in shirya: kwamitinsu ba ya ƙirga kwas ɗin da aikin hannu ne zalla. Abin da zai cece shi shi ne in manhajar ta nuna ana nazarin kayan aikin kansu, musamman rini, me ake haɗawa, ta yaya, don me. Ta ce in sa bayani iya yadda zan iya.

Na yi murmushi ni kaɗai. In dai wannan ne, an zo gidana.

Juma'a, 1 ga Yuni

Makon lama, itacen da ake samun baƙin rini daga hayaƙin 'ya'yansa. Mun tsinci 'ya'yan itacen, mun gasa su a ramin duwatsu, mun fasa. Ƙwayar fara ce mai maiƙo. Ana soke su a tsinken ganyen kwakwa kamar tsire. Na yi tsinke arba'in, ta warware sha ɗaya, wai na matse su ba za su ci wuta daidai ba.

Farcena biyu sun karye. Kawu ya ga hannuna ya ce, "Farfesa, can ma gawayi za ki je karanta?"

Laraba, 6 ga Yuni

Yau muka ƙona.

Akwai wata 'yar bukka a bayan madafa da na ɗauka ta kaji ce. Muka toshe kowace kafa da tabarmi. Ta kifa wata tsohuwar tukunyar ƙarfe a kan duwatsu uku, ta kunna tsinke ɗaya a ƙarƙashi. Kafin mu shiga ta gargaɗe ni: ba magana, ba tari, in zan numfasa in juya kai gefe, don iska kaɗan ke kwashe kunkunniyar.

Rana tsaka a waje, mu muna cikin duhu. Ƙwaya ɗaya ta ci ta ƙare, ta miƙa wa ta gaba wuta, hayaƙin ya miƙe siriri bai karkata ko'ina ba. Awa huɗu muna zaune. Gumi har cikin idona. Ita ko motsi, sai hannunta da ke sauya tsinke daidai lokacin da na baya zai mutu, ba ta ko dubawa. Na yi shekara biyu ina jin ana cewa a kiyaye iska da zafi a wurin gwaji, da na'urori da agogo. Wannan matar da tukunya da tabarma take yi, kuma ban ga kuskure ko ɗaya ba, ni da na zauna ina nema.

Abin da muka kankaro daga cikin tukunyar bai cika ƙoƙon kwakwa ba. Ban taɓa ganin baƙi irinsa ba. Ido ba ya samun wurin tsayawa a kansa.

Alhamis, 7 ga Yuni

Kowa a tsibirin nan ya san ana dama kunkunniyar lama da ruwan o'a. Abin da ba a sani ba shi ne me ya sa na wasu ke tsagewa in an ninke ƙyallen, nata kuwa ba ya yi. Har daga birnin Apia na wancan tsibirin ake zuwa tambayarta, ta ba su shayi su koma.

Yau ta aiki jikanyarta kanti, ta sa na sauke labulen rumfar ta gefen hanya. Abu biyu take ƙarawa. Ɗaya kafin a dama, ɗaya bayan ya kwana. Ta yi a gabana a hankali, sannan ta tura mini ƙoƙon na yi nawa.

Ta ɗauko wani tsohon ƙyalle mai baƙin zane, ta ninke shi takwas, ta taka da dunduniya, ta tsoma a bokiti, ta warware. Layin yana nan kamar yau aka ja shi.

Na gane dalilin na farkon tun a wurin. Na biyun sai a bas ya faɗo mini, na kusa yin ihu. Wace mace ce ta fara gano wannan, a wace shekara, bayan ƙyalle nawa da suka lalace? Ba wanda ya san sunanta.

Lahadi, 10 ga Yuni

Na gama. Jadawalin makonni sha shida, shafi biyu. Sai ƙarin bayani a kan rini, shafi huɗu, da awo da lokaci da dalilin kowane mataki. Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba. In kwamitin nan mutane ne masu ido, sai sun miƙe tsaye.

Talata, 12 ga Yuni

Na karanta mata duka, ina juyawa zuwa harshenmu. Jadawalin ta gyara wuri biyu. Da na shiga shafuka huɗun sai ta yi tsit, ta kafa wa ƙafafunta ido har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Daidai ne. Har abin da ban faɗa ba kin gani."

Can ta ce uwarta sai da ta sa ta jira shekara tara tana dukan ɓawo kafin ta sauke mata labulen nan. Ita kuma 'yarta ta tafi birnin Seattle, can ƙetaren teku, tun kafin a kai ga haka. Daga uwarta sai ita, daga ita sai ni.

Ta ce in ba ta biro. Yatsunta sun kumbura, kowane harafi sai ta huta. Ta sa hannu a jadawalin, sannan ta jawo shafuka huɗun ta sa a kowanne, ban ma roƙe ta ba. Ta miƙo mini da hannu biyu. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma haka.

A bas na riƙe ambulan ɗin a ƙirji. Na samu abin da na zo nema, amma ban ji daɗin da na zata ba.

Laraba, 13 ga Yuni

Malam Sotoa ya buga hatimi. Na je ɗakin karatu in ɗauki hoton takardun a na'ura in aika.

Na sa shafi biyun jadawali, suka wuce. Na ɗauko na uku. Sai na tsaya ina tunanin inda zai je. Kwamfutar wani ofis, har abada, duk wanda ya ga dama ya buɗe yana cin abincin rana. Na tuna yadda ta leƙa hanya kafin ta ɗauko abu na biyu.

Na aika biyun kawai. A makonnin rini akwai layi ɗai-ɗai: jan rini, baƙin rini, haɗawa.

Na'urar ma tana cije takarda yau, ga layi a bayana. Gobe ma rana ce.

Juma'a, 15 ga Yuni

Madam Delgado ta rubuto da safe. Ta ga takardar, ta yaba tsarinta, amma sashen rini ya yi siriri. Ko akwai ƙari? Za ta jira har ƙarfe biyar nasu, wato ɗaya na rana a nan. Matar nan tana so ta taimake ni, ana gani.

Na je ɗakin karatu tun sha ɗaya. Ba kowa a kan na'urar. Na zauna a kujerar da ke fuskantarta da ambulan a cinya. Na fito da shafukan, na ga sa hannun nan huɗu, kowanne ya fi na baya karkacewa. Na mayar.

Ɗaya saura minti goma na rubuta mata: abin da na aiko shi ne abin da zan iya aikowa, na gode.

Na fita da ambulan ɗin a jaka.

Talata, 26 ga Yuni

Ba su ƙirga ba. Hamsin da bakwai. Gurbin ya tafi. Ta ce ƙofa a buɗe take in sake nema a Nuwamba, amma daga farko, kamar kowa, ba alkawari.

Na yi kuka a kan kabarin Inna har kaina ya yi ciwo. Na buɗe hoton yarinyar nan mai dafa na'ura, na rufe.

Kawu ya ce, "Tsohuwar ce ta ƙi sa hannu?" Na ce a'a, ta sa. Ya dube ni, ya ga ba zan ƙara ba, ya tashi ya dafa mini gwaza da madarar kwakwa da kansa. Ta ƙone ta ƙasa, na cinye.

Asabar, 30 ga Yuni

Na je Vailoa. A raina na shirya yadda za a yi: za ta tambaya, in faɗa a hankali, ta yi shiru, wataƙila ta dafa kaina. Har na ji kunyar yabon tun kafin a yi shi.

Ta ce, "Yaushe jirginki?" Na ce ba bana ba. Na gaya mata abin da na yi.

Ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba. "Da wannan hannun mai ciwo na rubuta sunana sau huɗu don ki kai su akwati su kwanta? Wa ya aike ki?"

Na ce, Iya, ke kika ce shekara tara.

"Na gaya miki nauyinsa ne don ki san abin da kika ɗauka. Na ce ki ajiye? Shekarata saba'in da takwas. Kina ganin ina da wasu tara da zan jira wata? Na duba na ga mai kai, na ba ta, ta je ta yi mini wayon ladabi." Ta buga tabarma da tafin hannu. "An ba ki abu, ki karɓa. Ke wace ce da za ki fi ni sanin abin da zan yi da kayan uwata?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanina. Ashe shirun nan nata ba roƙo ba ne. Ta riga ta yanke shawara tun ranar da ta sauke labule, ta san takarda nake rubutawa, ta san inda za ta. Abin da ta riƙe shekara hamsin ta sake shi saboda yarinyar da ta tsallake mata aji. Ni kuwa na zauna ina fassara shirun babba, na fassara shi a karkace, na zubar da shekara guda.

Da zan tafi ta ce, "A Nuwamba ki aika su." Na ce to. "Litinin ki zo da wuri. Jan rininki har yanzu na yara ne."

Litinin, 6 ga Agusta

An buɗe rajista. Na ɗauki ilimin ƙididdiga, yunit uku, irin wanda kowace jami'a ke ƙirgawa ba tambaya. Da shi sittin sun cika ko ba siapo. Malam Sotoa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ai na ji an ce kina da shafuka huɗu masu sa hannu." Na ce don dai a samu madogara ne, ko da wani abu. Ya ce, "Uhm," ya buga hatimi.

Ranakun Talata da Alhamis ne ajin, bai taɓa kwanakin Vailoa ba. Haka ya zo, ba ni na tsara ba. To, na ɗan duba ranakun kafin in zaɓa.

Da yamma Iya ta sake cewa kada in manta da Nuwamba. Na ce to. Ban gaya mata zancen ƙididdiga ba. Muna kan rinin rawaya yanzu, kuma wai akwai wani ja na biyu da ba ta taɓa kawowa kwaleji ba, sai bishiyar ta yi 'ya'ya.

Zan nema, kuma in sun ɗauke ni zan tafi, wannan ba shakka. A hanyar dawowa na ƙirga watannin da suka rage kafin Agustan baɗi. Da na zata zan ji sun yi mini yawa. Sha biyu ne kacal, kuma ɗazu sau biyu biro ya faɗi daga hannunta tana nuna mini zane.